Kafin Ka Ce "Bari Sabo Ya Fito": Nasiha Ga Matasanmu Masu Harhaɗa Kwamfuta

'Ya'yana, samari da 'yan matan Garagumsa, na cikin Takeita da na ƙauyukan kewaye, da waɗanda karatu ya kai Jami'ar André Salifou a Zinder,  maganata yau da ku ce, ku da kuka ƙudurta ba za ku sayi haɗaɗɗiyar kwamfuta ba, da hannunku za ku harhaɗa taku: furosesa daban, uwar allo daban, RAM daban, ku zauna ku ɗaura. Niyya ce mai kyau, ina kuma yaba muku, domin wanda ya haɗa abu da hannunsa ba ya shakkar buɗe shi ranar da ya ƙi tashi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da ta yi yawa a bakinku. In na tambayi yaro ina labarin kwamfutar da yake tara wa kuɗi, sai ya ce, "Baba, kuɗin sun kusa cika, amma an ce sabon furosesa yana nan tafe da sabon cifset. Bari ya fito tukuna." In aka kwana biyu na sake tambaya, sai in tarar wancan ya fito, yanzu kuma wani ake dako. Kuɗin kuwa an taɓa su ranar suna, an taɓa su da salla, an ranta wa aboki bai mayar ba. Aikin da aka so a fara, na buga takardu ne ko zane ko haɗa bidiyon biki, yana nan a baki.

Ba zan ce muku jira laifi ne ba. Sai dai jira iri biyu ne. Akwai jiran mai lissafi, wanda ya san abin da yake jira, ya san ranar zuwansa, ya san abin da zai ƙara masa. Akwai kuma jiran mai buri, wanda bidiyon YouTube ke ja da hanci daga wannan wata zuwa wancan. Burina shi ne kowannenku ya iya bambance su, ya san a wanne yake.

Mu fara da sanin abin da ake jiran. Furosesa shi ne mai lissafi, duk umarnin da ka ba kwamfuta ta kansa yake bi. Uwar allo ita ce shimfiɗar da kowa ke zama a kanta, a tsakiyarta kuma akwai gurbin da furosesa ke kwanciya, kuma kowane gurbi da irin furosesan da yake karɓa. Shi kuma cifset, ku ɗauke shi kamar mahaɗar nan ta Takeita: mota ba a nan ake ƙera ta ba, ba kuma nan ke ƙara mata gudu ba, amma a nan hanya ke rabuwa, wannan ta yi Zinder, wannan ta yi Maradi, waccan ta gangara Matamai ta nufi Daura da Kano. Haka cifset ke raba hanya tsakanin furosesa da ramukan USB, da faifan ajiya, da sauran abin da aka jona. A da can yana da hannu sosai a gudun kwamfuta, domin ta cikinsa furosesa ke bi ya kai ga RAM. Amma AMD ta mayar da wannan aiki cikin furosesa tun 2003, Intel ta bi sahu a 2008. Saboda haka a yau, furosesa ɗaya a kan allo mai cifset B760 da kan allo mai Z790, in dai aikin ofis ne ko karatu ko zane, da ƙyar ka ga bambanci. Mai tsadar yana ba ka ƙarin ramuka ne da damar tilasta wa furosesa gudun da ya wuce ƙa'idarsa, kuma wannan ba wasan mutumin da ke zaune a ƙasa mai zafi irin tamu ba ne.

To, batun "sabo yana tafe". Gaskiya ne, amma gaskiyar da ba ta da ranar ƙarewa. Tun 1965 Gordon Moore, wanda daga baya yana cikin waɗanda suka kafa Intel, ya lura cewa yawan tiranzistocin da ake cusawa a ɗan guntun silikon yana ninkawa a kai a kai. A 1975 ya ce duk shekara biyu ne. Tun daga lokacin kamfanonin nan suka gina kasuwarsu a kan fitar da sabo ba hutu. Kowace Janairu akwai baje koli a Las Vegas ta Amurka, kowane ƙarshen Mayu ko farkon Yuni akwai wani a Taipei ta Taiwan, kuma a wuraren nan biyu ake yawan shelanta abin da ke tafe. Ko yaushe ka tashi saye, a watan azumi ne ko da kaka, akwai wani abu da aka yi alkawari nan da 'yan watanni. Dalilin da ba ya taɓa gushewa ba zai zama hujjar jinkiri ba, in ba haka ba har abada ba za ka saya ba.

Alkawarin ma ba kullum yake cika a kan lokaci ba. Intel ta tsara sauka daga fasahar nanomita 14 zuwa 10 wajajen 2016. Abin ya yi ta jan ƙafa, furosesocinta na kwamfutar tebur suka zauna a kan nanomita 14 tun daga 2015, ba su bar ta ba sai ƙarshen 2021. Ku duba yawan shekarun nan. Yaron da ya ce a 2016 zai jira, da ya shiga jami'a ya fito bai taɓa maɓallin kwamfutarsa ba. Wanda ya sayi abin da ke ƙasa a lokacin kuwa, ya koyi sana'a da ita, ya mayar da kuɗinsa, har ya sake wata. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sai abu na biyu da masu talla ba sa faɗa: zubin farko shi ke ɗauke da aibin da ba a gano ba. A 1994 aka gano furosesan Pentium yana kuskure a wasu lissafan rabawa, canza su ya ci wa Intel dalar Amurka miliyan 475. A ƙarshen Janairun 2011, makonni kaɗan bayan fitowar sabbin alluna masu cifset P67 da H67, kamfanin ya sanar cewa wasu ramukan jona faifan ajiya na iya lalacewa a hankali, aka dakatar da sayarwa, aka janye alluna, asarar ta kusa dalar Amurka biliyan 1. A 2024 kuma manyan furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 suka riƙa tsayawa tsakiyar aiki saboda ƙarfin wutar da suke nema ya wuce kima. An fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin uwar allo mai tayar da kwamfuta, an ƙara shekara biyu a kan garanti, amma wanda ya riga ya ji rauni ba ya warkewa, sai canji. Ban kawo waɗannan don in ɓata wani kamfani ba, kowane maƙeri yana da ranar da ƙarfe ke ƙi masa. Abin da nake so ku gani shi ne, mutumin Faransa ko Amurka in haka ta same shi, zai sa kayan a kwali ya aika, a mayar masa da sabo. Kai da ka aika aka sayo maka a Kano, shi na Kano ya saro a Legas, na Legas ya ɗauko a Dubai, wa za ka mayar wa? Mu a nan garantinmu shi ne mu bar waɗanda ke kusa da masana'anta su fara ɗanɗanawa. Abin da ya shekara a hannun jama'a, an san halinsa, an gyara BIOS ɗinsa, masu gyara sun saba da shi.

Ku kuma lura, ba duk sabon suna ne sabon kaya ba. Furosesocin Intel na tebur zubi na 14 da suka fito a 2023, ginin zubi na 13 ne aka ɗan ƙara wa gudu. Cifset ɗin AMD mai suna X870 na 2024, guntun da ke cikinsa shi ne dai wanda ke cikin B650 na 2022, sai dai an wajabta wa masu ƙera allo su ƙara masa wasu ramuka masu sauri irin USB4. Wanda ya ƙi sayen B650 yana jiran X870, ya tambayi kansa ko yana da wani abu a ɗakinsa da ke buƙatar wannan rami.

Yanzu bari in juya, kada ku ce tsoho ya hana mu haƙuri. Akwai wurin da jira yake da riba, kuma wurin shi ne gurbi. Ranar da aka canza gurbi, allonka ya daina karɓar sabbin furosesoci, duk ranar da kake son ƙarin ƙarfi sai ka canza allo, sau da yawa har da RAM. Intel ta saba canza nata kusan duk bayan zubi biyu: LGA 1155 a 2011, LGA 1150 a 2013, LGA 1151 a 2015, LGA 1200 a 2020, LGA 1700 a 2021, LGA 1851 a Oktoban 2024. AMD kuwa ta riƙe gurbin AM4 tun fitowar Ryzen a Maris 2017, har a 2024 tana fitar masa da sabbin furosesoci. Mutumin da ya sayi allon B350 a 2017, in mai ƙera allon ya fitar da sabon BIOS, ya iya ɗora Ryzen 5000 a kansa bayan shekara biyar ba tare da ya kwance komai ba sai furosesan. Ko da yake nan ma sai da jama'a suka yi ƙorafi: a Mayun 2020 AMD ta ce alluna irin B450 ba za su karɓi sabon zubin ba, kafin ta janye maganar. Gurbin da ya gaje shi, AM5, ya fito a Satumban 2022, kamfanin kuma ya ce zai ci gaba da tallafa masa har 2027 ko fiye. Saboda haka in kana shirin zuba kuɗi masu nauyi a sabon allo, ka kuma ji daga bakin kamfanin kansa, ba daga bakin masu hasashe ba, cewa nan da wata ɗaya ko biyu za a canza gurbi, to dakata. Wannan shi ne jiran mai lissafi.

Ko a nan ma, ribar jiranka ba lallai ne ta zama sayen sabon ba. Mu a wannan yanki, babban alherin fitowar sabo shi ne yana karya farashin wanda ya gabace shi. Masu kuɗin can suna kwance nasu su sayar, ofisoshi suna zubar da tsoffi da yawa, bayan wasu watanni su iso Farm Centre da titin Beirut a Kano, daga nan wasu su hauro Kasuwar Dole ta Zinder. Wanda ya iya lissafi yana tafiya ne taki ɗaya ko biyu a bayan sabo, yana samun kusan duk ƙarfin da rabin kuɗin ko ƙasa da haka.

Amma kada takun ya yi nisa, kuma ga iyakar da za ku riƙe. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta karɓar furosesan Intel da bai kai zubi na 8 ba, ko Ryzen da bai kai jerin 2000 ba, kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0. Kwamfutocin da suka faɗa ƙarƙashin wannan layi su ne ofisoshin Turai da Amurka ke rabuwa da su, kuma kun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa. Za ku gan su da tsabta, da araha, da tambarin i7 a goshi. Kada tambarin ya ruɗe ku, lambar da ke bayansa za ku karanta. In an rubuta i7-3770, wannan 3 ɗin na farko shi ne zubi, wato kayan 2012 ne. In an rubuta i5-8500, zubi na 8 ne. Ƙaramin i3-12100 na 2022 ya fi wancan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba. Tsohuwar ba ta mutu ba, in ka ɗora mata Linux Mint ko Ubuntu za ta yi maka karatu da rubutu lafiya lau, amma ka saye ta da kuɗin tsohuwa, da saninka.

Akwai wani rami kuma da ya cinye kuɗin yara da yawa. Gurbin LGA 1151 iri biyu ne a aikace. Zubi na 6 da na 7 suna tafiya da alluna masu cifset na jerin 100 da 200, irin H110 da B250. Zubi na 8 da na 9 sai jerin 300, irin H310 da B360. Furosesan zai shiga gurbin daram, ka rufe, ka kunna, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Haka ma DDR4 da DDR5: tsawonsu ɗaya, amma tsagin da ke ƙasansu ba wuri ɗaya yake ba, kuma AM5 da LGA 1851 ba su san DDR4 ba sam. Kafin ka biya, shiga shafin kamfanin da ya ƙera allon, Asus ne ko Gigabyte ko MSI ko ASRock, ka nemo jerin furosesocin da allon ke karɓa da lambar BIOS ɗin da kowanne ke buƙata. Data kaɗan za ta ci maka, ta tsare maka jikkuna masu yawa.

'Ya'yana, ku tuna a ina muke zaune. Tun zamanin da ayarin Tarabulus ke sauka unguwar Zango a Zinder, fatake irin su Malam Yaro sun san labarin kaya yakan riga kayan isowa da watanni, kuma farashin da aka ji a can ba shi ake tararwa a nan ba. Yau labari yana zuwa cikin daƙiƙa, amma kaya har yanzu sai sun hau jirgi, sun sauka tashar ruwa, sun bi mota, sun wuce kwastan. Bayan juyin mulkin ƙasar nan na 26 ga Yuli, 2023 da rufe iyakar Benin, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Farashin da ka gani a bidiyo, ka ɗora masa kuɗin mota, da na kwastan, da ribar hannu uku.

Kuɗin da ke aljihu ma ba sa tsayawa wuri ɗaya suna jiranka. Mu da muka ga Janairun 1994 mun kwana da sefa mun tashi ta zube da rabi, kayan waje suka ninka. Ku kuma kun ga naira: kafin Yunin 2023 dalar Amurka ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya canza kuɗinsa zuwa naira ya ajiye yana jiran sabon zubi, ya san abin da ya same shi. Kuma ba gaskiya ba ne cewa kayan kwamfuta kullum sauka suke yi. Ambaliyar Tailan a 2011 ta sa faifan ajiya ya yi tashin gwauron zabi. A 2020 zuwa 2022 katin hoto ya gagari talaka saboda ƙarancin guntaye da masu haƙar kuɗin kirifto. A ƙarshen 2025 RAM ta yi tsada ƙwarai, domin manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Wanda ya jinkirta don ya samu sauƙin jika goma a furosesa, sai ya biya ninkin haka a RAM.

Sannan ga abin da masu bidiyon can ba za su taɓa gaya muku ba, don ba su san shi ba: a Garagumsa ba ƙarancin gudu ke kashe kwamfuta ba, wuta ce da zafi da ƙura. Kun tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin lantarki, a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan daga can take zuwa. Da yawanku da faifan sola da batiri za ku yi aiki. To ku yi lissafi: i9-14900K yana iya jan wat 253 shi kaɗai in ya ɗau zafin aiki. Ryzen 5 5600G wat 65 aka ƙayyade masa, kuma yana ɗauke da nasa sashen hoto, ba sai ka sayi katin hoto ba. Furosesocin Intel masu harafin T a ƙarshe, irin na ƙananan akwatunan ofis, yawancinsu wat 35 ne. Masu harafin F kuwa ba su da sashen hoto, in ba ka da kati ba za ka ga komai a sikirin ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, furosesa in ya kusa digiri 95 zuwa 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Ka ga kenan ka sayi gudu da tsada, zafi ya karɓe.

Don haka ga inda nake so kuɗinku su fara zuwa. Fawa mai kyau, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, domin fawa ta banza in ta tashi mutuwa ba ta tafiya ita kaɗai, takan ja allo da faifai. Sai sitabilaiza ko UPS. Sai SSD a maimakon tsohon faifai mai juyawa, wanda shi kaɗai yakan sa tsohuwar kwamfuta ta farka fiye da yadda sabon furosesa zai yi. Sai RAM, giga 16 in hali ya yi, sanda biyu masu giga 8 sun fi sanda ɗaya. Abin da ya rage shi ne na furosesa da allo. Sayen nagari mai da kuɗi gida, amma nagari shi ne wanda ya dace da ɗakinka da wutarka.

Ranar saye, kada kunya ta hana ka bincike. Ka ce wa mai shago, "Maigida, a buɗe mini in gani." Ɗaga allon ka karkata shi wajen haske, ka dubi cikin gurbin. A gurbin Intel da na AM5 akwai siraran allurai fiye da dubu a jere, dukkansu sun kwanta fuska ɗaya suna sheƙi iri ɗaya. In ka ga wani ɗigo yana ƙyalli daban da 'yan uwansa, allura ce ta lanƙwashe, ajiye allon. Dubi kafasitocin, in kan wani ya kumbura ko ya yi tsatsa, ajiye. Sunsuna wajen da wuta ke shiga, ƙauri ba ya ɓuya. Sannan a haɗa furosesa da allo da RAM a gabanka a kunna, ka shiga BIOS ka karanta sunan furosesan da yawan RAM da idonka, ka bar ta tana aiki har ta ɗau zafi. Waɗannan ukun rana ɗaya ake sayensu, a wuri ɗaya. Kada ka sayi allo yau ka ajiye ƙarƙashin gado sai baɗi ka sayi furosesa, domin ranar da za ka gane allon matacce ne, mai shagon ya manta fuskarka. In dole sai ka saya kaɗan-kaɗan, fara da abin da ba ya tsufa da wuri: akwati, sikirin, fawa, kibod.

In ka zo ɗaurawa, ka taɓa ƙarfen akwatin tukuna, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara wutar da ke tartsatsi in ka taɓa ƙofa. Riƙe furosesan ta gefe. A kusurwa ɗaya akwai 'yar alama mai kusurwa uku mai ruwan zinariya, a gurbin ma akwai irinta, su za ka daidaita. Sa shi a hankali ya kwanta da nauyinsa, ba a dannawa. In bai zauna ba, ɗaga ka sake dubawa. Man sanyaya kuma ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa. Bayan haka, duk ƙarshen hunturu ka buɗe akwatin ka hure ƙurar da ta toshe haƙarƙarin fanka, ka ɗora kwamfutar a kan tebur, ba a ƙasa ba.

In kuwa lissafi ya nuna maka jira ne daidai, ko kuɗi ne ba su cika ba, to kada jiran ya zama zama. Je wurin mai gyara a Zinder ka ce kana son ka riƙa taya shi, ko shara ce ka yi, ka ga yadda ake kwancewa da ɗaurawa. Nemi matacciyar kwamfuta ka yi ta gwaji a kanta. Koyi Word da Excel a ta makaranta ko ta aboki. Ku 'yan mata, wannan magana har da ku, kada wani ya ce muku sukundireba ta maza ce. Shagon buga takardu da ke kusa da ma'aikatar magajin gari ko bakin makaranta, tsohuwar kwamfuta mai zubi na 8 da firinta ɗaya sun ishe shi ciyar da gida, kuma mai kawo takardar neman aiki bai taɓa tambayar wane cifset ne a ciki ba. Abin da yake dubawa shi ne ko an rubuta sunansa daidai.

Saboda haka duk wanda ya zo mini da maganar "bari sabo ya fito", tambaya uku zan yi masa. Wane aiki ne kake son yi wanda abin da ke kasuwa yau ya kasa? Wace rana kamfanin da kansa ya ce sabon zai fito, kuma yaushe kake ganin zai iso Kano ko Zinder da kuɗin da za ka iya? Me kake asara kowane wata da kake zaune babu kwamfuta? In kana da amsar ta farko da ta biyu, kuma ta uku ba ta da nauyi, yi haƙuri ka jira, Allah ya sa alheri. In ba ka da su, ɗauki takarda ka rubuta kayan da kuɗinka za su iya, ka nuna wa wanda ya fi ka sani ya duba maka ko sun dace da juna, ka yi bisimilla ka hau mota.

Allah ya sa albarka a abin da za ku saya, ya sa ya zama hanyar cin halalinku da taimakon iyayenku, ya tsare ku da ha'incin kasuwa, ku ma ya tsare ku da ha'intar wanda zai kawo muku gyara gobe. Amin.